Ɓoye Sunan Ɗan Wasa a Farkon Fim: Asalin Dabarar da Hanyoyinta

A cikin shekarar 1931 kamfanin Universal na ƙasar Amurka ya fitar da wani fim mai ban tsoro wanda a ke kira Frankenstein, labarin wani masani da ya harhaɗa gaɓoɓin matattu ya yi dodo, ya sa masa rai. Kafin wasa ya soma aka jera sunayen 'yan wasa a kan allo bisa al'ada, kowane suna a gaban matsayin da mai shi ya fito a ciki. Da aka zo kan dodon kuwa, ba a rubuta kome a gabansa ba sai alamar tambaya. Sai da wasa ya ƙare aka sāke jera sunayen, sa'an nan 'yan kallo suka ga sunan Boris Karloff a wurin da alamar nan ta ke da farko. Wannan ƙaramar dabara ita ce abin da takardar nan ta ƙunsa, watau dalilin da ya ke sa a ɓoye sunan ɗan wasa a farkon fim, da hanyoyin da a kan bi, da kuma abin da a kan yi hasara a kanta.

Ba a gane nauyin ɓoye suna sai an fara sanin darajarsa a wannan sana'a. A farkon zamanin silima kamfanoni da yawa ba su faɗar sunayen 'yan wasansu ko kaɗan. Kamfanin Biograph yana da wata yarinya da jama'a suka so ƙwarai, amma ba su san ta da wani suna ba sai "Yarinyar Biograph". Sunanta Florence Lawrence. Carl Laemmle ya ɗauke ta zuwa nasa kamfanin, a 1910 aka baza jita-jita cewa motar lantarki ta kashe ta, kāna ya buga sanarwa yana ƙaryata labarin, da sunanta da hotonta. Daga shekarun nan ne suna ya zama haja. Masu kuɗi suka gane cewa mutane ba labari kaɗai su ke biya su gani ba, har da fuskar wane da wance. 'Yan wasa kuma suka gane cewa wanda aka san sunansa shi ke yanka wa kansa farashi.

Tun daga nan maganar suna ta shiga takardun yarjejeniya. A kan rubuta wanda sunansa zai riga zuwa, da girman haruffansa, da ko zai zo kafin sunan fim ɗin ko bayansa, lauyoyi su yi ta ja-in-ja a kai. Misalin da ya fi shahara shi ne na fim ɗin The Towering Inferno na 1974, inda aka haɗa manyan taurari biyu, Steve McQueen da Paul Newman, ba wanda ya yarda ya bi bayan wani. Aka sa sunan McQueen a hagu amma ƙasa kaɗan, na Newman a dama amma sama kaɗan, domin wanda ya karanta daga hagu ya fara cin karo da ɗaya, wanda ya karanta daga sama ya fara da ɗayan. Mutanen da su ke gardama a kan tazarar yatsa biyu, lalle ba da wasa za su yarda a cire sunan nasu ɗungum ba. Saboda haka duk inda aka ga an ɓoye sunan babban ɗan wasa, to, an sayar da wani abu mai tsada domin a sayi mamakin 'yan kallo.

Me ya sa suna ya ke tona asirin labari? Dalilin shi ne, jerin sunayen farko alkawari ne, ɗan kallo kuwa mai lissafi ne ko bai sani ba. In ya ga manyan sunaye uku, wasa ya yi nisa bai ga fuska ta uku ba, sai ya shiga duba wane gurbi ne ya rage a labarin. In kuwa gurbin da ya rage shi ne na mai kisan da a ke nema, ko na mutumin da aka ce ya mutu, shi ke nan, ya riga mai labari isa gida. Fim ɗin The Third Man na 1949, wanda Carol Reed ya shirya a kan labarin Graham Greene, ya nuna wannan a fili. Wani marubuci ne ya isa birnin Biyana bayan Yaƙin Duniya na Biyu don ya sadu da abokinsa Harry Lime, sai ya tarar ana jana'izarsa. Amma an riga an rubuta sunan Orson Welles a farko, ga shi kuwa an yi wajen sa'a guda ba a gan shi ba. Mai hankali ya san ba a ɗauko Welles don ya kwanta a kabari ba. Duk da haka fitowarsa, yana laɓe a bakin wata ƙofa da dare, kyanwa na shafar takalminsa, hasken taga ya faɗo a fuskarsa, tana cikin fitowa mafi kyau a tarihin silima. Abin lura a nan shi ne, sanin da 'yan kallo suka yi bai ɓata wasan ba. Ya dai canza irin daɗin da su ke ji, daga mamaki ya koma jira. Mai shirya fim tilas ya zaɓi ɗaya cikin biyun nan, gama ba su cika zama a tukunya ɗaya ba.

In an koma kan alamar tambayar 1931, sai a ga ba ɓoye tauraro aka yi ba, domin a lokacin Karloff bai zama tauraro ba tukuna. Mutumin Ingila ne, sunansa na yanka William Henry Pratt, ya haura shekara arba'in, ya daɗe yana fitowa a ƙananan matsayi ba wanda ya damu da shi. Da an rubuta sunansa ma ba asirin da zai tonu. Abin da kamfanin ya nufa shi ne kada ɗan kallo ya tuna akwai mutum a ƙarƙashin fentin da Jack Pierce ya shafa masa. A bar shi ya yi zaton abin nan ba ɗan Adam ba ne. Watau alamar tambayar talla ce, ta fi kama da mai shela da ke cewa akwai magana amma ba zai faɗa ba sai an taru. Da aka yi kashi na biyu a 1935, Bride of Frankenstein, Karloff ya riga ya yi suna har a kan rubuta shi da kalma guda tak cikin manyan haruffa. Alamar tambayar sai ta koma kan amaryar dodon. Elsa Lanchester ce ta fito a matsayin, amma an rubuta sunanta a gaban wani matsayin dabam, na Mary Shelley, marubuciyar littafin na 1818, wadda a ke gani a buɗewar fim ɗin. Suna yana nan a fili, rabin gaskiya kawai aka rufe.

Ɓoyewa ta sosai, wadda ba ta ko nuna cewa an ɓoye wani abu, ita ce irin ta fim ɗin Seven na 1995, wanda David Fincher ya shirya. 'Yan sandan ciki biyu ne, Morgan Freeman da Brad Pitt, su ke bin sawun wani mai kisa wanda ke kashe mutane bisa manyan zunubai bakwai na koyarwar Kirista. Ba a san shi da wani suna ba sai John Doe, sunan da kotunan Amurka kan ba mutumin da ba a san ko wane ne ba, kamar a ce Wane. Kevin Spacey ne ya fito a matsayin, shi ne kuma da kansa ya nemi kada a sa sunansa a farkon fim ko a takardun talla, ko da ya ke kamfanin ya so ya ci moriyar sunan, don a shekarar nan tauraronsa yana kan haskawa. Hujjarsa ita ce lissafin nan da aka ambata: in an gan shi na uku a jeri, aka kuma yi nisa ba shi, kowa ya san shi ne a ke nema. Aka yi sulhu a kan cewa in wasa ya ƙare sunansa ne zai fara fitowa. Ribar da aka samu babba ce. Tun kafin ya bayyana an ji muryarsa ta waya, har ya gilma a matsayin mai ɗaukar hoto a kan matakala, ba wanda ya kula, domin ba a sa wa kowa ƙishirwar nemansa ba. Sa'ad da ya shigo ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, jini a rigarsa, ya miƙa kansa, ɗan kallo da 'yan sandan cikin labarin sun firgita lokaci guda. Manufar ke nan, a hana ɗan kallo sanin abin da mutanen cikin labari ba su sani ba.

Christopher Nolan ya yi amfani da wannan hanya a Interstellar na 2014, amma da wata manufa ƙari. Ba a sa fuskar Matt Damon a tallan fim ɗin ba. Can a tsakiyar labari matafiya sararin sama suka isa wata duniya ta ƙanƙara, suka ta da wani masani, Dokta Mann, daga dogon barci, sai ga Damon. Mutum ne da 'yan kallo suka saba gani a matsayin mutumin kirki, saboda haka suka amince da shi nan take, kamar yadda matafiyan suka amince, alhali kuwa maci amana ne. Da an yi wata shida ana tallansa, da an sami lokacin yin zato. A nan sanannar fuska ita kanta ta zama kayan aikin labari.

Akwai kuma fitowa ta leƙe, wadda Turawa ke kira cameo, sunan wani ɗan ƙaramin zane da a kan sassaƙa a jikin dutsen ado. Mike Todd ne ya yayata kalmar da fim ɗinsa Around the World in 80 Days na 1956, inda taurari fiye da arba'in suka leƙo kowa na ɗan lokaci, aka kuma ajiye sunaye duka sai ƙarshe. An daɗe ana nuna bayan wani mai kaɗa piyano a mashaya, da ya waiwayo sai ga Frank Sinatra. Haka Sean Connery ya ɓullo a matsayin Sarki Richard a ƙarshen Robin Hood: Prince of Thieves na 1991, ba tare da an rubuta sunansa ba. Irin wannan tana da daɗi, amma daɗinta gajere ne, kuma tana fitar da ɗan kallo daga cikin labari, gama abin da ya ke gani a lokacin ba sarki ba ne, Connery ne. Ba ta kai darajar ta Seven ba, inda ɓoyewar ta ƙara tura mutum cikin labarin.

Hanya ta uku ta wuce yin shiru, ta kai ga ƙirƙiro sunan ƙarya. Ta samo asali daga dandalin wasan kwaikwayo, inda tun da daɗewa in mutum ɗaya zai fito a matsayi biyu a kan rubuta sunan aro a gaban na biyun: George Spelvin a Amurka, Walter Plinge a Landan. Wasan Sleuth na Anthony Shaffer, wanda aka fara a Landan a 1970, Joseph Mankiewicz ya mai da shi fim a 1972, shi ya kai dabarar matuƙa. Labarin wani attajirin marubuci ne, Laurence Olivier, da ya gayyato saurayin matarsa, Michael Caine, zuwa gidansa, ya wulakanta shi da wani mugun wasa har aka zaci ya harbe shi. Bayan kwana biyu sai ga wani dattijon sufeto, Doppler, ya zo bincike. Jerin sunaye ya ce wani Alec Cawthorne ne ya fito a matsayin sufeton. Ba a taɓa yin ɗan wasa mai wannan suna ba. Caine ne cikin ɓad da kama ya dawo ramuwa. Gaba ɗaya mutum biyu ne kaɗai a fim ɗin, sauran sunayen duk na iska ne. Ɗaya daga cikinsu, Eve Channing, an haɗa shi ne daga sunayen mata biyu na wani tsohon fim ɗin Mankiewicz, All About Eve na 1950, watau an bar wa masu zurfin sani ɗan sawu su bi. A nan yin shiru ba zai wadatar ba, domin da an rubuta sunaye biyu kawai, da shigowar mutum na uku ita za ta tona kanta.

Gidan BBC ya fuskanci irin wannan a shirinsa Doctor Who, wanda aka fara a 1963. Mujallar Radio Times kan buga sunayen 'yan wasa tun kafin a nuna shiri. Babban mugun shirin kuwa, wanda a ke kira Master, gwanin ɓad da kama ne, Anthony Ainley ke fitowa a matsayinsa a shekarun 1980. Sai masu shirin suka riƙa juya haruffa. A 1982 aka buga Neil Toynay, wanda haruffan Tony Ainley ne aka birkita. A 1983 aka buga James Stoker, wanda in an sāke jera haruffansa sai ya ba da jimlar Turanci mai ma'anar barkwancin Master. Malaman da suka saba da waƙoƙin ajami ba za su ga baƙon abu a nan ba, tun da ya ke sun san marubucin da kan ajiye sunansa sai baitocin ƙarshe, wani ma ya rarraba haruffansa, kamar yadda a kan dunƙule shekara cikin ramzi. A duka biyun an faɗi gaskiya, amma sai mai haƙurin warwara ne zai same ta.

Talabijin ta fi silima shan wahalar wannan al'amari, domin shiri mai dogon zango yana rayuwa ne da mutuwar wane da dawowar wane, ga shi kuma al'ada ta sa a rubuta sunayen baƙin 'yan wasa a minti na farko. Sau da yawa suna kan faɗi abin da aka tanada don minti na ƙarshe. Masu shirin Dallas sun kashe Bobby Ewing a 1985, da suka so komo da Patrick Duffy a 1986 sai suka ɗauki hotonsa yana wanka da sunan tallan sabulu a ke yi, don kada ma'aikata su fitar da labari. George Clooney ya bar shirin asibiti na ER a 1999, ya leƙo a ƙarshen wani kashi a watan Mayu na 2000, ba talla, ba suna. Masu Battlestar Galactica sun cire sunan Katee Sackhoff daga jeri a 2007 bayan an nuna mutuwarta a labari, aka yi makonni ba ita, kāna ta dawo a ƙarshen zangon.

Da ya ke 'yan kallo sun gaskata jerin sunaye, ana iya juya amincewar tasu ta zama tarko. Alfred Hitchcock ya yi haka a Psycho na 1960. Janet Leigh tauraruwa ce, labari ya fara da ita, ta saci dala 40,000 ta gudu, kowa ya ɗauka da ita za a ƙare. Tun ba a kai rabin fim ba aka kashe ta a ɗakin wanka. Hitchcock ya sa doka kada a bar kowa ya shiga bayan an soma, don kada wanda ya makara ya zauna yana jiran tauraruwar da ta riga ta mutu. Shirin Buffy the Vampire Slayer ya yi abin da ya fi haka zafi a 2002: Amber Benson ta daɗe tana fitowa a matsayin baƙuwa, ranar da aka sa sunanta cikin na 'yan gida a karo na farko, a kashin nan ne aka kashe ta.

Ba masu shirya fim kaɗai ke da ta cewa a kan sunaye ba. A Amurka ƙungiyoyin 'yan wasa da na marubuta da na darektoci suna da ƙa'idodi a kai, don suna shi ne shaidar aikin mutum, da shi zai nemi aiki na gaba. George Lucas ya gamu da fushinsu a 1980 a kan The Empire Strikes Back, domin ya buɗe fim da tambarin kamfaninsa mai ɗauke da sunansa, ya kai sunan darekta Irvin Kershner ƙarshe. Aka ci shi tara, ya biya, ya fice daga ƙungiyar darektoci da ta marubuta. Wannan ya sa ɓoye suna ya fi sauƙi ga babba. Wanda duniya ta san fuskarsa bai rasa kome ba in an jinkirta sunansa sa'a biyu, har ma abin ya ƙara masa kwarjini. Ƙaramin ɗan wasa kuwa da aka rufe wa fuska da fenti, aka kuma hana shi suna, ba shi da abin nunawa. Karloff ya tsira ne domin an faɗi sunansa a ƙarshe, fim ɗin kuma ya karɓu.

Daga baya al'adar da aka ci Lucas tara a kanta ta yaɗu, manyan fina-finai da yawa suka daina jera sunaye a farko, har ɓoye suna a kan allo ya daina zama aiki. Amma asirin ya sami wata ƙofar fita. Akwai shafukan intanet masu tara sunayen duk wanda ya yi aiki a fim tun kafin ya fito, kowane mai wucewa kuma yana da kyamara a wayarsa. Abin da a dā a ke rufewa da cire layi ɗaya, yanzu sai an sa mutum ya yi ƙarya da bakinsa. A 2018 aka ce wani tsoho Bajamushe, Lutz Ebersdorf, shi ya fito a matsayin likita a Suspiria, har aka ƙaga masa tarihin rayuwa. Tilda Swinton ce cikin ɓad da kama, an kuwa gano kafin fim ya shiga kasuwa sosai. A 2021 Andrew Garfield ya yi watanni yana musun cewa yana cikin Spider-Man: No Way Home, 'yan jarida na tambaya yana ƙaryatawa, alhali hotunan wurin aiki sun riga sun yaɗu. Da aka fara nuna fim ɗin a watan Disamba, ya fito tare da Tobey Maguire, gidajen silima suka ɗauki sowa. Sai dai yawancin masu sowar sun shigo da zato mai ƙarfi tun daga gida, saboda haka abin da suka ji ya fi kusa da na mutanen 1949 da suka zauna suna jiran Orson Welles ya fito daga duhu, bai yi kama da na waɗanda John Doe ya shigo wa ba zato a 1995 ba.